Awarwaron Iya da Hannuna na Dama

A hannuna na dama, tsakanin wuyan hannu da gwiwa, akwai wasu 'yan tabbai jere-jere, ƙanana, kamar an ja su da allura. Shekarun da na yi ina buga tanis, babu garin da na je ba a tambaye ni labarinsu ba. 'Yan matan kudu sun ɗauka tsagar gidanmu ce. Wata ma ta taɓa ja na gefe ta ce idan laƙani ne aka tsaga mini don ƙarfin bugu, in taimaka in nuna mata mai yi. Ni dai sai in yi dariya in ja hannun riga. Gaskiyar magana aikin kakata ne, kuma saura ƙiris ya raba ni da wasan tun kafin in fara cin abinci da shi.

A Gaya aka haife ni. Baba malamin gona ne, kullum yana kan keke daga wannan ƙauye zuwa wancan, yana rabon irin gyaɗa yana lallashin manoma su gwada takin zamani. Shi ya kafe sai na yi boko. Da na gama firamare aka tura ni makarantar 'yan mata ta kwana a Kano, a can na fara ganin filin tanis. Siminti ne duk ya tsattsage, an zana masa farin layi, an gicciya raga a tsakiya wadda ɓeraye suka gama da gefenta. Ban taɓa zaton zan taka shi ba. Wata rana malamar wasanni ta kama ni ina jifan mangwaron makaranta, dutse ɗaya mangwaro ɗaya. Har na miƙa hannu ina jiran bulala, sai ta ɗora mini raket a kai. Raket shi ne abin bugun, katako ne mai dogon mariƙi, kansa kamar faifai an saƙe shi da tsarkiya. Tun daga ranar ban sake zama lafiya ba. Ina aji ƙarar ƙwallo nake ji, ina salla ma, Allah ya yafe mini, ita nake ji.

Baba bai hana ni ba. Sharaɗi kawai ya kafa mini, dogon wando a ƙarƙashin riga da ɗankwali a ka. Da su na yi wasa har na bari, ana yi mini dariya ina cinye masu dariyar.

Abin ya faru ne a shekarata ta ƙarshe a makaranta, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Ana gab da hutun bazara Malama ta kira ni ta ce da zarar an dawo za a yi gwaji, a zaɓi 'yan matan da za su riƙa buga wa jiha. Wadda aka ɗauka za ta zauna a Kano, a ba ta ɗaki da albashi, aikinta ke nan wasa. Wadda ba a ɗauka ba, ta gama makaranta ta kama hanyar gida. Ni na san ma'anar komawa gida. Zan koyar a firamare a Gaya, aiki ne na mutunci, amma duk faɗin ƙasar Gaya babu filin tanis ko ɗaya, kuma gwajin ba zai sake riskata ina 'yar makaranta ba. Ga shi dama ni mutum ce mai saurin faɗuwar gaba. Ko ƙwallo na ɗaga zan buga, sai zuciyata ta jero mini duk hanyoyin da bugun zai lalace.

"Ki lallaɓa hannun nan kamar ƙwai," in ji Malama. "Ban da daka, ban da jan guga. Ki nemi bango mai kyau ki riƙa bugawa safe da yamma."

Bangon kuwa ina da shi a Gaya, bangon siton da ake ajiye irin gyaɗa, na siminti ne sumul. Amma ko kwana biyu ban yi a gida ba saƙon Iya ya iso daga Ajingi. Iya ita ce mahaifiyar Baba, kuma duk bazara ake kai mata ni in taya ta ɓarar gyaɗar iri kafin ruwa ya sauka. Na roƙi Baba ya ɗaga mini ƙafa bana kaɗai. Ya ce in je in yi mata 'yan kwanaki, shi da kansa zai zo ya ɗauko ni. Na naɗe raket da ƙwallaye a zane na cusa a ƙasan akwati, na hau akori-kurar 'yan kasuwa raina ba daɗi.

Iya 'yar ƙaramar tsohuwa ce, baki kamar reza, goro ba ya barin kumatunta. Ba ta faɗin sunan Baba saboda ɗan fari ne, "mai keke" take ce masa. Ni kuma 'yar boko. Wasan jika da kaka muke yi ba ji ba gani, in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta ce mini mai ƙafafun zalɓe. Ina sonta ƙwarai, ita ma duk tsiyar da take yi mini, ni take ɓoye wa ƙuli-ƙulin da ya fi soyuwa.

Wata la'asar muna zaune a inuwar rumbu muna ɓara, ta tashi ta shiga ɗaki, ta buɗe adudu, ta fito da wani abu ƙunshe a tsumma. Awarwaro ne na azurfa, guda ɗaya, tsoho, ya ɗan yi duhu.

"Matso nan, 'yar boko. Tunda kin kusa gama karatun naki na ɓata lokaci, ga abin da na ajiye miki. Miƙo dama."

Na miƙa. Awarwaron ya zo daidai tushen babban yatsa ya tsaya. Ta tattara yatsuna ta matse, ta tura, ya ƙi. Ta ɗauko sabulun salo ta shafe mini hannu, ta sake turawa har na yi ƙara. Ko motsi bai yi ba.

"Miƙo hagu."

Sulul ya wuce, har yana rawa a wuyan hannu.

Ina dariya ina cewa ai shi ke nan hagu ta samu rabo, sai na lura Iya ba ta dariya. Ta tofar da goron bakinta, ta zare awarwaron ta ƙulle a bakin zanenta. Ta naɗe mini hannayen riga duka biyu, ta jera hannayena a kan cinyarta tana kallo. Ni na san abin da take gani, don mu masu wasa da shi muke taƙama a makaranta. Na hagu siriri, irin na kowace yarinya. Na dama kuwa daga wuyan hannu zuwa gwiwa ya yi kauri, jijiyoyi sun tashi, idan ka danna tauri kamar ɗanyen rogo, tafin duk ya yi kanta.

"Tun yaushe?" in ji ta.

"Tun yaushe me, Iya?"

"Kumburin nan."

"Kai, Iya! Ba kumburi ba ne. Wasan da nake yi ne, da hannu ɗaya ake bugawa, shi ya sa ya fi ɗan'uwansa."

"Yana yi miki ciwo?"

"Ko kaɗan."

Na ɗauka hankalinta zai kwanta, sai na ga fuskarta ta ƙara ɓaci. Ta miƙo nata hannayen, busassu, ta jera su kusa da nawa. "Ni tun ban kai tsawon taɓarya ba nake daka. Na yi niƙa, na ja ruwa a rijiyar da ba a ganin ƙasanta, na tuƙa tuwon biki. Duba da kyau. Wanne ya fi wani?"

Babu wanda ya fi wani. Sai daga baya na zauna na yi tunani na ga inda Iya ta tsaya. Duk aikin da mace take yi a Ajingi da hannu biyu ake yin sa, taɓarya ce, dutsen niƙa ne, guga ne, muciya ce. Iya ta tsufa ba ta taɓa ganin mace mai lafiya da hannu ɗaya ya fi ɗaya ba. A lokacin dai ban yi wannan tunanin ba, haushi kawai nake ji.

Na shiga ɗaki na ɗauko raket don ta gani da idonta. Ta karɓa, ta jinjina shi, ta leƙa ta cikin saƙar.

"Wannan rariyar? Ko muciyata ta fi ta nauyi. Ita ce za ta kumbura miki hannu?"

Na ce ta tsaya ta ga yadda ake yi. Na fuskanci katangar gidan na buga da duk ƙarfina. Katangar ƙasa ce, ba siminti ba. Ƙwallon ya ɓantaro ƙasa ya faɗo nan take kamar an jefa curin fura. Na sake bugawa, a fusace wannan karon, ya sami wani dutse a jikin katangar ya karkace, ya tafi kai tsaye ya fasa mata tulu. Ruwa ya malale tsakar gida, kaji suka watse. Iya ko kallon tulun ba ta yi ba, kuma wannan shi ya fara ba ni tsoro, domin matar da za ta yi kwana uku tana mita a kan ludayi ce. Cewa kawai ta yi, "Ran kasuwa wanzami zai zo. A yi miki ƙaho a zubar da mataccen jinin nan tun bai hau sama ba."

Na san ƙaho, na sha ganin ana yi wa maza a bakin kasuwa. Tsaga ake yi da aska, a zuƙe jini. A baya ko a kafaɗa ba wani abu ba ne. Amma a hannun da zan riƙe raket, ga hutu yana ta ƙarewa, ga zafin bazara da ƙudaje! Na yi magiya, na yi kuka, na rantse da duk abin da na sani. Na ce a bari in yi gwajin in dawo, ko hannun gaba ɗaya take so a tsaga na yarda. Ina faɗin "a bari" ta ɗago ta dube ni, wani irin kallo da ban taɓa gani a idonta ba.

"Ba na bari," ta ce.

Kwanakin da suka rage kafin kasuwa ban san yadda zan kwatanta su ba. Kullum da safe Iya za ta tsinko zare ta zagaya hannuna na dama, ta ƙulla, ta kai shi na hagu, ta ga rarar da ta saura, ta girgiza kai. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa kallo kamar an yi haihuwa. Wannan ta danna ta ce sanyi ne, waccan ta ce na tsallaka wani abu ne a birni, wata ta ce ita dai ta san boko ba zai bar yarinya haka kawai ba. Abinci ya daina wuce mini. Ina ɓarar gyaɗa ina kallon hannuna, har ni kaina na fara shakka, ina dannawa a ɓoye in ji ko da gaske akwai wani abu a ciki. Na yi tunanin guduwa da ƙafa zuwa Gaya, na tuna yashin hanyar da ranar da ake ƙwallawa, na kuma tuna abin da za a ce da Baba idan 'yarsa ta gudu daga gidan uwarsa. A ƙarshe na samu wani mai jaki da zai shiga Gaya, na haɗa shi da Allah ya gaya wa malamin gona ya zo kafin kasuwa, ko me yake yi.

Ran kasuwa da hantsi na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Wani sanyi ya ratsa ni. Baba mutum ne da ya yi karatu, ya taɓa zuwa makaranta ya ga ina wasa, ya san komai. Na ce a raina shi ke nan, na tsira.

Ya shigo ya durƙusa nesa da tabarmarta ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon gefe, kamar yadda ta saba. Ya fara bayani a hankali, kansa a ƙasa, ya ce abin ba ciwo ba ne, duk masu wannan wasa haka hannunsu yake, ko maƙeri ma idan aka duba hannun da yake riƙe guduma ya fi ɗayan.

"'Yar taka maƙeriya ce?" in ji Iya.

Ya ce a'a, amma dai a yi haƙuri a bari yarinyar ta yi gwajinta tukuna.

Iya ta gyara zama. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro awarwaron nan, ta ajiye a kan tabarma tsakaninta da shi. Ina tsaye a bakin ɗaki ina kallo. Baba ya dubi awarwaron, ya daɗe yana dubansa. Can ya tashi ya fita, ya yafuto ni zuwa zaure.

A nan ya ba ni labarin da ba a taɓa ba ni ba. Yana da ƙanwa, ita kaɗai ce 'yar da Iya ta haifa mace, kuma awarwaron na ƙanwar ne. Tana kamar shekaruna hannunta ya fara kumburi, ba ciwo ba komai. Abin da ya fara nuna musu shi ne awarwaron ya ƙi fita, sai da aka sha fama da sabulu. Iya ta ce a nemi magani, mahaifinsu ya ce a bari a gama shuka tukuna, tunda ba ya yi mata ciwo. Kafin a gama noman farko kumburin ya kai kafaɗa. Ba ta ga kakar shekarar ba, ta rasu.

"Na san lafiyarki ƙalau," in ji Baba. Bai iya haɗa ido da ni ba. "Wallahi na sani. Amma ba zan iya buɗe baki in ce mata a bari ba. Na faɗa sau ɗaya yanzu, kin ga abin da ya faru. 'Yar tsaga ce, uwata, kafin ki koma ta warke."

Na ji tausayin Iya, ba zan ɓoye ba. Amma haushin Baba ya fi yawa. Na ce masa, "Idan ba ta warke ba fa?" Ya juya ya fita waje.

Bayan azahar wanzamin ya zo da zabirarsa. Dattijo ne mai fara'a, yana ta yi mini wasa wai 'yan boko tsoro gare su. A zauren aka shimfiɗa tabarma, Iya ta riƙe mini kafaɗa, Baba ya fita waje ya tsaya wajen kekensa. Wanzamin ya kafa ƙaho a kan naman hannun ya zuƙe iska, ya toshe bakin, fata ta tashi. Ya cire, ya ɗauko 'yar askarsa ya tsattsaga wurin, ƙyas-ƙyas-ƙyas, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. Ya yi a sama, ya yi a tsakiya, Iya ta ce ya ƙara kusa da wuyan hannu, nan ne ya fi tauri. Zafin bai dame ni ba kamar tunanin da nake yi, kowace tsaga ina tambayar kaina ko a kan jijiyar da nake murɗa raket da ita ce. Da ya juye jinin a ƙasa, baƙi, ya daskare, Iya ta sauke ajiyar zuciya.

"Kun gani ko? Wannan ne 'yar boko take ce mini wasa."

Baba ya so ya tafi da ni a ranar, Iya ta ce sai ta ga yadda hannun ya kwana. Ya kwana lafiya. Washegari ma haka. Har na fara cewa ashe tsoron banza na ji. Daga nan tsagar da ke kusa da wuyan hannu ta fara ƙaiƙayi, ta yi ja, ta ɗau ruwa. Kafin in ankara hannun ya kumbura da gaske, irin kumburin da yake sheƙi, yatsuna suka yi tsaye ba sa lanƙwasuwa. Zazzaɓi ya rufe ni. Ina kwance ina ƙoƙarin dunƙule hannu ina kasawa, hawaye na bin kunnena. Ba mutuwa nake tsoro ba, ban ma kawo ta a raina ba. Filin nan mai tsattsagaggen siminti nake gani, da wasu 'yan mata a kai, babu ni.

Iya kuwa mutuwar take gani. Ta daina cin goro, ta daina tsiya. Ta zauna a gefena tana yi mini fifita, bakinta yana motsi. Da kanta ta aika a kira Baba, kuma ranar ce kaɗai na ga ta dube shi ido cikin ido.

"Ɗauke ta ka kai ta wajen masu allura. Yanzu, ba anjima ba."

Ta cire ɗankwalinta ta rataye mini hannun a wuya. Baba ya ɗora ni a bayan keke. Inda yashi ya yi yawa ya sauka ya tura, ina zaune a kai, kowace gargada ina jin ta har cikin haƙorina. A ɗakin shan magani na Gaya aka wanke ciwon, aka matse, aka naɗe da bandeji, aka yi ta yi mini allura kullum har na rasa gefen da zan zauna.

Zazzaɓin ya sauka, kumburin ya fara sacewa, amma ƙarfi bai dawo ba. Ga bangon siton nan kullum ina wuce shi, ban isa in buga ba. Sai dai in zauna da ƙwallo a tafin hannu ina matsawa. Yau in ji kamar ya ɗan lotsa, gobe in ji kamar dutse. Baba yana dawowa daga aiki zai tsaya daga nesa ya kalli hannun, ba ya tambaya.

Ranar da na koma makaranta Malama ta ga bandeji ta ɗora hannu a ka. Da na kwance ta ga tsagar, ta ce, "Wa ya yi miki wannan aika-aika?" Na ce kakata. Ta sake naɗe shi da kanta, ta ɗaure tamau, ta ce kada in nemi buga da ƙarfi, in dai mayar da kowane ƙwallo ya tsallake raga, in bar abokiyar wasa ta gaji ta yi kuskure da kanta.

Haka na yi. Ranar gwajin wasan farko aka cinye ni kamar ban taɓa riƙe raket ba, sau biyu yana suɓuce mini ya faɗi ƙasa. Na ga masu zaɓen suna magana ƙasa-ƙasa. A wasa na biyu tsagar wuyan hannun ta buɗe, jini ya ɓullo ta bandejin ya gangaro tafina. Abin mamaki, da ya fara bushewa sai mariƙin ya daina zamewa. Na yi ta mayar da ƙwallo, ba kyau ba ƙarfi, kamar mai kwasar ruwa da ludayi, har yarinyar da nake karawa da ita ta fusata ta fara bugawa waje. Na ci wannan, na ci na bayansa da ƙyar. Da aka zo kiran waɗanda aka ɗauka, ana ta kira ba a zo kaina ba. Ni ce ta ƙarshe.

Da labari ya kai Ajingi, Iya cewa ta yi, "To, da ban zubar da mataccen jinin nan ba, da ta iya?"

Na yi shekaru ina buga wa jiha. Na shiga jirgin ƙasa zuwa Kaduna da Ibadan da Legas, na ci wasu, an cinye ni a wasu da yawa. Faɗuwar gaba ba ta taɓa barina ba, kafin kowane wasa sai na zagaya bayan gida. Duk lokacin da na sami hutu na je Ajingi, bayan an gaisa an yi tsiya, Iya za ta kwance bakin zane ta ciro awarwaron. "Miƙo dama." In miƙa, ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ta ce kada in damu, ranar da ya shiga na warke. Na kawo mata kofi na azurfa da na ciyo, ta zuba goro a ciki. Na kawo mata hotona a jarida, ta kai shi kusa da ido, ba fuskata ta duba ba, hannun ta duba. Na gaji da yi mata bayani na bari. Ina ganin yadda take bin hannun da kallo idan ina cin abinci, na san har cikin ranta jira take ya kai kafaɗa. Da wannan fargabar ta rasu, ina Legas ina wasa. Baba ya ajiye mini awarwaron, na sa shi a hagu.

Kafaɗar ce kuwa ta tsayar da ni, amma ba yadda Iya ta zata ba. Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in ta fara ciwo idan na ɗaga hannu sama, tun ina daurewa har na kasa tsefe kaina. Likita ya ce in huta. Na koma Gaya wai hutun 'yan watanni, na karɓi aji a firamare don kada in zauna haka. Ina gaya wa kowa zan koma, raket yana rataye a ɗaki ina shafa masa mai. Damina ta wuce, wata ta sake wucewa, ina nan ina cewa zan koma.

Wata safiya ina wanki a tsakar gida, awarwaron yana ta bugun bakin bokiti yana damuna. Na zare shi daga hagu, na rasa inda zan ajiye don hannuna duk kumfa, sai kawai na zura shi a dama ba tare da tunanin komai ba. Ya wuce sulul. Na tsaya ina kallonsa yana rawa a kan tabban wanzami. Na jera hannayena biyu a kan cinyata kamar yadda ta yi a inuwar rumbu, na duba, na sake dubawa. Babu wanda ya fi wani.

Baba yana zaune a bakin zaure yana gyaran tayar keke. Ya ji wankin ya tsaya, ya ɗago. Na ɗaga masa hannun, na ce, "Baba, na warke." Daga nan kuka ya ƙwace mini.